Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga 'yan uwana magoya bayan Pillars: wane irin mai gida ne kullum ake kora daga gidansa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yan uwana 'yan Sai Masu Gida gaba ɗaya, na cikin ganuwa da na waje, 'yan Fagge da Yakasai da Kurna da Birget da Hotoro da Sabon Gari, da masu tasowa tun daga Wudil da Bichi da Gwarzo ranar wasa, amma musamman iyayenmu dattawan da ke jan ragamar magoya baya, da ƙannena samarin da ke cika fafula, wato ɓangaren 'yan kallo da ba rumfa. Ni dai ba kowa ba ne a kulob ɗin nan, ko muƙamin mai ɗauko wa 'yan wasa ruwa ban taɓa riƙewa ba, tela ne ni da ɗan shagona da keke biyu, abin da kawai nake taƙama da shi shi ne na haura shekara 25 ina biyan kuɗin geti daga aljihuna, rana ta gasa ni a kan simintin nan ruwa ma ya dake ni a kai, toh ina ganin wannan ya ishe ni lasisin yin magana a kan rigimar da ta sa aka sake korar ƙungiyar ƙwallonmu Kano Pillars daga filinta. Wanda maganar ta yi wa zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari na fara da yadda aka yi na kamu, don kar wani yaro ya taso ya ce min wai ni ɗan gidan kallo ne da bai san zafin Pillars ba. Kawuna ne ya sa ni, ƙanin mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa da rahama, a wajensa na koyi ɗinki kuma a wajensa na kwaso wannan ciwon da ba ya jin magani. Shi asalinsa ɗan Raccah Rovers ne, ba ya gajiya da ba mu labarin 1978 da suka ɗauko kofin lig na ƙasa suka kawo Kano, in ya fara labarin nan har keken ɗinki sai ya tsaya, mai kaya yana zaune yana jira shi kuma yana nuna yadda aka yanke wani da ƙafar hagu. Da aka haɗa ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka yi Pillars a 1990 sai ya kwashe soyayyar nan kaf ya juye a kanta. Mutumin da ko saura kwana uku sallah, kaya sun taru har rufi, mata suna aiko yara suna zagi, in dai akwai wasa a gida ƙarfe uku zai ja ƙofar shago ya danna kwaɗo. Ya sha faɗa da mutane a kan haka, wasu ma sun ɗauke masa ciniki har abada, bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Ranar farko a filin Sabon Gari ya kai ni, ina ɗan ƙarami sosai, ya ɗora ni a wuya saboda ba na hango komai sai bayan mutane. Abin da ya zauna min a kai ba bal ɗin ba ce, ƙarar nan ce, yadda mutum ɗaya zai kwarara ihu daga can gefe ya ce Pillaaars, sai filin gaba ɗaya ya amsa SAI MASU GIDA, ka ji abin yana shiga ta tafin ƙafarka. Ga ganga ga algaita, ga ƙanshin gyaɗa da rake da ƙura duk sun haɗu. Da muka dawo na tattara ragowar ƙyallaye yalo da kore a ƙarƙashin tebur na harhaɗa su da allura da zare na yi tuta, ita ce ɗinkina na farko a duniya, karkatacciya ce amma na yi shekaru ina yawo da ita.

Daga baya aka koma Ƙofar Mata, filin Sani Abacha, wanda muka ga an yi gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, aka dawo aka yi kofin Afirka a 2000, mu a lokacin gani muke ai duk duniya ba filin da ya kai namu. Matsalar ɗaya ce, wasa ƙarfe huɗu ne, islamiyya ma ƙarfe huɗu ce. Allah dai Ya yafe mana, mun sha ɓoye allo da littafi a shagon wani mai faci mu zarce geti, ba ko sisi a aljihu, sai ka tsaya kana leƙen fuskar dattawa, in ka ga mai alamar sauƙin kai ka kama hannunsa ka ce Baba shigar da ni, shi kuma ya ce wa na geti ɗana ne, alhali bai taɓa ganinka ba. In ba a dace ba sai a jira can wajen ƙarshen wasa a buɗe ƙofa a yi ruguguwar shiga a kalli ɗan abin da ya rage. Washegari kuma bulala tana jira, ta malam daban ta gida daban, mu sha abarmu mu share hawaye muna lissafin yaushe ne wasa na gaba. A lungunmu ƙwallon tsumma muke bugawa, takalma ne raga, kowa da sunan ɗan wasan da ya ɗauka, ana dambe a kan waye zai zama Yaro Yaro.

Akwai wani abu da ya same ni ina ɗan shekara sha uku ko sha huɗu wanda shi ne ma dalilin wasiƙar nan. Mai ɗaga tuta ya kashe mana ƙwallo, fili ya ɗauki zafi, ni kuma da rawar kai na sunkuya na ɗauki wani ɓallin siminti zan wurga. Hannuna bai kai sama ba na ji an damƙe min kunne ta baya, wani dattijo ne da ban san shi ba, da hularsa da carbinsa, ya murɗe kunnen nan har sai da na ga wuta, ya ce ɗan gidan uban waye kai? Ya ja ni a haka yana tambaya har aka nuna masa inda Kawu yake zaune. Na ɗauka Kawu zai tare min, ina, godiya ya yi wa mutumin, ya ƙara min da nasa marin a gaban jama'a, sannan ya hana ni zuwa fili wasa uku. Wallahi marin bai dame ni ba kamar wasa ukun nan. Kar ku ɗauka ina cewa da can mala'iku ne a filin, a'a, ana zagi ana jifa da ledar ruwa ana rigima tun wancan lokacin, amma akwai manya a tsakiyar yara, kuma babba yana da bakin da zai ce kai bari a bari. Yanzu manyanmu sun koma inuwa ƙarƙashin rumfa, an bar fafula yara zalla, mai shekara ashirin shi ne dattijon layi.

Mun ga daɗi a kulob ɗin nan, wannan ba mai ƙwace mana. Daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 ba ƙungiyar da ta zo Kano ta ci mu a wasan lig, shekara goma sha biyu, wasa 202, sai da Nasarawa United ta zo ta yi mana 2-1 sannan abin ya karye, ranar ko tuwon dare ban iya ci ba. Yaron da aka haifa a farkon wannan tafiya sai da ya shiga sakandare bai san ana cin Pillars a gida ba. 2008 Kadiri Ikhana ya ɗauko mana kofin lig na farko, garin nan ya kwana bai yi barci ba, 'yan acaɓa (lokacin ba a hana ba) suna ta wasa da babura daga Ƙofar Mata har titin gidan gwamnati. Sai 2009, shekarar da in na tuna har yanzu tsigar jikina tashi take. Al Ahly ta Masar, masu riƙe da kofin zakarun Afirka, da su Aboutrika da komai nasu, aka yi 1-1 a nan, kowa ya ce shikenan in an je Alƙahira buhu za a ɗinka mana, sai ga Victor Namo ya zura musu biyu a gidansu aka tashi 2-2, muka fitar da su da dokar ƙwallon waje, tunda biyu muka ci a gidansu su kuma ɗaya suka ci a namu. Na ga Kawu yana kuka ranar, kuka na gaske da hawaye, mutumin da ko a gidan rasuwa ban taɓa ganin hawayensa ba. Muka shiga rukuni da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya muka fito, muka je daf da na ƙarshe, sai Heartland 'yan gida ɗaya suka yi mana 4-0 a Owerri, toh wannan kam a bar shi kawai, ba na son tuna shi.

Shekarar da ta biyo wani siririn yaro daga Jos mai gudu kamar an kunna masa inji ya ci ƙwallo 18 a lig, Ahmed Musa kenan, muna kallonsa a nan kafin Turai ta san da shi, kafin ya zura wa Ajantina biyu a 2014 ya ƙara wa Iceland biyu a 2018. Sannan 2012, 2013, 2014, kofi uku a jere, biyu da Baba Ganaru ɗaya da Okey Emordi, Gambo Muhammad a gaba Rabi'u Ali Pele yana raba bal a tsakiya kamar mai rabon goro, Afelokhai a raga. Lokacin har raini ya shige mu, mutum zai zo fili ba tambayarsa za a ci ba, tambayarsa nawa za a ci.

Kuma mun sha kuka tare. Watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasanmu wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri wasan farkon kaka, aka harbi wasu har da Gambo, garin nan kowa ya riƙe waya yana salati. Fabrairun 2018 Chinedu Udoji ya buga mana wasa da Enyimba, tsohuwar ƙungiyarsa, ya tare gida kamar katanga, a daren nan ya yi haɗarin mota a cikin Kano ya rasu. Inyamuri ne, Kirista ne, amma ku tuna yadda Kano ta yi jimaminsa, ba wanda ya tsaya tambayar garinsu ko addininsa, ɗanmu ne kawai. Ni a nan na san abin da rigar nan take iya yi wanda 'yan siyasa da duk surutunsu ba su iya ba. A shekarar dai muka je Asaba wasan ƙarshe na kofin ƙalubale muna cin Rangers 3-0, saura bai fi minti sha biyar ba, har na aiki yaro ya sayo lemo na raba wa 'yan shago, suka farke duka ukun suka cinye mu a fenariti. Kawu yana kwance ba lafiya lokacin, da na je gaishe shi ban ma san ta inda zan fara ba, shi ya riga ni, ya ce ai na ji a rediyo, bal kenan, wanda bai iya shan kaye ba bai iya cin kofi ba. Bai kai ga ganin na Kaduna ba, 2019, da muka doke Niger Tornadoes 4-3 a fenariti muka ɗauko kofin da rabon Kano da shi tun 1953. Ina filin Ahmadu Bello ranar, kowa yana tsalle ni ina neman inda zan zauna na yi masa addu'a.

Toh yanzu mu zo inda ke ciwo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A 2020 korona ta zo aka mayar da filinmu wajen killace marasa lafiya, muka koma Kaduna muna wasan gida a gidan wasu, muka daɗe muna roƙo muna magiya a dawo da mu Ƙofar Mata. Aka dawo da mu a watan Afrilun 2022, a cikin azumi fa, wasa da Katsina United, maƙwabtanmu 'yan uwanmu da muke auratayya da su muke cin kasuwa ɗaya. Me muka yi? Aka tashi wasan bai ƙare ba, aka farfasa musu mota, hotunan suka zaga duniya. Aka ci tarar kulob miliyan 9, aka kwashe mana maki uku, aka tura mu Abuja. Ƙarshen kakar nan Pillars, mai kofin lig huɗu, wadda ta fitar da Al Ahly, ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Wani zai ce ai shugabanci ne, wani zai ce ai 'yan wasa ne ba su yi ba, duk na ji kuma akwai gaskiya a ciki, amma maki ukun nan ba shugaba ne ya zubar da su ba, ba gola ne ya saki bal ba, hannunmu ne. Abin dariya abin kuka mu da Katsinan tare muka faɗa, tare kuma muka dawo a 2023.

Na ɗauka wannan ya ishe mu darasi. Wallahi na ɗauka.

Ina da yaro ɗan shekara goma, babban ɗana. Ɗan Madrid ne, ban san inda ya kwaso ba, ya san lambar rigar kowa a can, ya san irin takalmin da Mbappe yake sawa, in suka sha kashi ba ya cin abinci, amma da na tambaye shi waye Rabi'u Pele sai ya ce wai ko ɗan Brazil ne. Abin ya yi min ciwo ba kaɗan ba, mutumin da ya haura shekara arba'in yana buga wa garin ubanka bal, gidansu ba shi da nisa da naku, ba ka san shi ba ka san na Sifen. Kuma ba laifin yaron ba ne, laifina ne, ban taɓa kai shi fili ba, saboda duk ranar da na ɗauko maganar mahaifiyarsa sai ta ce ba da ɗanta ba, ita abin da ta sani game da filin nan shi ne jifa da barkonon tsohuwa. Na yi ta lallashi, na ce yanzu an gyara, Ahmed Musa ya dawo yana bugawa kuma a watan Yulin 2025 ma aka naɗa shi janar manaja, mutumin da ya riƙe kyaftin ɗin Super Eagles ya ga yadda ake yi a Rasha da Ingila, na ce mata iyalai suna zuwa, na rantse mata ba abin da zai same shi. Da ƙyar ta yarda. Na zauna da daddare bayan na tashi yaran shago na ɗinka masa riga yalo da kore daidai jikinsa, na sa masa lamba 7 a baya.

Ranar Lahadi 12 ga Oktoban 2025, wasa da Shooting Stars ta Ibadan. Muka yi la'asar muka shiga da wuri, na saya masa rake da gurasa. Da aka kwarara Pillaaars fili ya amsa, na juya na kalle shi, bakinsa a buɗe idonsa kamar zai faɗo, na ce a raina alhamdulillahi ya kamu, yadda na kamu a wuyan Kawu. Muka ci tun da wuri, ya yi tsalle ya rungume wani bawan Allah da bai sani ba. Duk tsawon wasan yana tambayata wannan waye wancan waye, ina faɗa masa, har ya fara cewa "mu" in yana maganar Pillars. Sai a ƙarin lokaci suka farke, 1-1. Shikenan fa, canjaras ne a gida, maki ɗaya, abin da ke faruwa a kowane fili a duniya duk sati, Madrid ɗin da yake so ma ana yi mata. Kafin na miƙe na ga mutane suna dira ta kan waya suna bin rafali da 'yan wasan baƙi da gudu, duwatsu suna tashi, sai hayaƙi. Na saɓa yaron nan a kafaɗa ina gudu ina tuntuɓe, yana tari yana kuka yana cewa Abba idona, takalminsa ɗaya ya faɗi ban ko waiwaya ba, wata mai sayar da ruwa a bakin titi ce ta fasa leda biyu ta wanke masa fuska ba ta karɓi kuɗina ba, Allah Ya saka mata. A adaidaita muna komawa ya yi shiru can sai ya ce, Abba su mutanen Ibadan ɗin laifin me suka yi, ba bal suka ci ba? Ku ba ni amsar da zan ba shi don Allah, ni dai ban samu ba. Da muka shiga gida mahaifiyarsa ta kalli idonsa ta kalli ƙafarsa ɗaya ba takalmi ta kalle ni, ba ta ce uffan ba, da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Hukuncin kuma kun ji shi, tarar miliyan 9.5, an cire maki uku da ƙwallo uku, an rufe Sani Abacha, an ce mu koma Katsina filin Muhammadu Dikko. Katsina fa jama'a. Mutanen da muka fasa wa mota a 2022 su ne aka ce su ba mu aron tabarma. Shi kuma Ahmed Musa da bai jefi kowa ba shi ne ya fito yana ba duniya haƙuri a madadinmu.

Na san abin da za ku ce don ni ma na sha faɗa da bakina. Rafali azzalumi ne, ƙarin lokacin ya yi yawa, in muka je waje abin da ake mana ya fi haka, a ba su fenariti na ƙarya a kashe mana ƙwallo mai kyau a jefi motarmu ba wanda ake hukuntawa. Ban musa ba, na bi Pillars garuruwa na ga zalunci da idona, lig ɗinmu kowa ya san cin wasan waje sai an sha wuya. Amma tunda yau gaskiya muka zauna faɗa, shekara goma sha biyun nan da muke alfahari da ita, tsakaninmu da Allah duk wasa 202 ɗin nan ƙafa ce kaɗai ta tsare su? Ba ranar da rafali ya kalli fafula ya kalli ƙofar fita ya ga nisanta sannan ya busa abin da ya busa? Laifi tudu ne, mun take namu muna hango na wasu. Sannan a lissafa min, tunda muka fara dirowa fili, sau nawa rafali ya fasa hukuncinsa saboda an bi shi da gudu? Ƙwallo nawa dutse ya taɓa dawo mana da ita? Ni abin da na ga dutse ya kawo shi ne tara da ragin maki da hijira, sai kuma mai rake da mai gurasa da mai ruwa da mai gadin babura da ɗan adaidaita da duk wanda ke samun na cefane ranar wasa a Ƙofar Mata, yanzu sun zauna. Yaron da ya yi jifan ba zai iya kuɗin motar Katsina ba, dattijon da ya shekara talatin yana zuwa shi ma ƙafarsa ba za ta kai ba, 'yan wasa za su fita "gida" su tarar da kujeru.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa, caca. Da yawa daga masu haukan nan ba kishin Pillars ne ke cin su ba, tikitinsu ne ya yage, mutum ya zuba kuɗin da ba nasa ba a waya ya ce masu gida za su ci, minti na ƙarshe aka farke, toh ba rafali yake bi ba kuɗinsa yake bi. Wasu kuma sun sha abin da suka sha tun daga gida, ko sunan golanmu ba su sani ba, hargitsin suka zo nema don a samu na zarar waya. Kuma mun san su. Wannan ita ce maganar da ta fi damuna, kar wanda ya ce min wasu ɓata-gari ne daga wani wuri, ba daga sama suka faɗo ba, 'yan unguwanninmu ne, ƙannenmu ne, yaran shagunanmu ne, bidiyon nan da ke yawo kowa ya kalla ya gane fuska ɗaya ko biyu ya yi shiru. Ni ma na gane ɗaya, kuma na je har gidansu na samu yayansa, ba daɗi amma na yi.

Iyayenmu dattawa, ku nake roƙo da girman Allah, ku fito daga inuwa ku dawo cikin yaran nan. Kowace unguwa tana da inda 'yanta suke zama a filin nan, kowa ya sani, toh a samu manya biyar ko goma daga kowace unguwa da yara ke jin kunyarsu su zauna a layin gaba kusa da waya, da riga ta daban da za a gane su, ɗan sanda bai san sunan yaro ba bai san babansa ba amma ku kun sani, kuma yaron da zai yi wa ɗan sanda tsaurin ido ba zai iya haure waya a gaban aminin babansa ba. Wanda aka kama da dutse ko makami mu da kanmu mu miƙa shi mu hana shi shiga, ba sai an zo daga Abuja an rufe mana fili gaba ɗaya saboda mutum hamsin ba. Baƙi kuma in sun zo, 'yan wasansu da magoya bayansu, a samu masu tarbarsu a raka su har mota, mu da muke cewa baƙonka annabinka, mu da Bayarabe da Inyamuri da Banufe suka zo garinmu suka yi arziki suka haifi 'ya'ya, a ce wai mutum goma sha ɗaya masu gajeren wando ne ba za su fita lafiya ba. Ga shi a 2025 Barau FC ta hau, Kano ta samu kulob biyu a babbar gasa, in ba mu gyara ba ranar da za a haɗu wa da ƙani ne za su jefi juna.

Ku kuma ƙannena na fafula, ban ce ku daina ihu ba, ku yi ihu har muryarku ta dushe, ku yi wa golan baƙi waƙa har ya manta sunansa, ai da wannan aka san mu, filaye nawa ne a Najeriya ake cikawa kamar namu? Wasu kulob ɗin kyauta suke buɗe geti ba a shiga, mu da kuɗinmu muke layi tun azahar. In an busa tashi ko an ci ko an sha, ka ɗauki tutarka ka tafi gida ka yi zaginka a majalisa da Facebook kamar yadda kowa yake yi.

Ni nawa ɗinki ne, ba ni da kuɗi ba ni da muƙami. In dattawa suka sa ranar zama zan rufe shago na zo, kuma in aka samu wani bawan Allah a Kwari da zai ba da yadi, ni da yarana za mu ɗinka riga 50 ta masu tsare layin gaba ba tare da an biya mu ko kwabo ba, a kawo min awo kawai. Wasan farko a Katsina kuma in Allah Ya kai mu zan je, mun fara haɗa kuɗin mota da mutanen layinmu, akwai sauran kujera huɗu. Yaron dai ba zai je ba, mahaifiyarsa ta ce sai ranar da aka yi kaka guda cur ba a ji an jefi kowa a Ƙofar Mata ba sannan na sake ɗauko mata maganar, kuma ban ga bakin musa mata ba.

Wassalam.

Ɗan uwanku,
wani tela daga cikin birni.